Allon da Auta Ya Wanke

Litinin, 3 ga Maris

Ni, Shugaban Kamfani, mai kujera mai juyawa, na buɗe wannan kundi da hannuna mai albarka. Kamfanin ɗaki ɗaya ne a bayan shagon ɗinkin Kawu. Ma'aikata biyu, ni da fanka. Manhajarmu ta teloli ce, tana ajiye musu awon mutane a waya.

Laraba, 5 ga Maris

Kawu ya nuna mini wata sabuwar manhaja. Tamu ce sak, launi kawai aka sauya. Maɓallai masu hoton wuya, kafaɗa, hannu, a jere daga dama zuwa hagu. Har almakashin da ƙanena Auta ya yi wa kunnuwa irin nawa don tsokana, da kunnuwan suka kwashe. Teloli tara sun koma can. Kawu ya ce, “Tasu ba ta maƙalewa, ɗana.” Shi ne na goma.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kasa cin abinci. Auta ya taimaka, yaron kirki.

Litinin, 10 ga Maris

Ofishin lauya. Ta ce rubutun da ke cikin manhaja doka na kare shi, amma ba shi suka ɗauka ba. Jerin maɓallai kuwa har yanzu gardama ake: in kowa ya mallaki inda ya ajiye maɓalli, gobe wani zai ce sa wuya a farko nasa ne. Hotunan dai da magana, in an san wanda ya fara zanawa, da ranar.

“Wa ya zana?”

Na dubi silin. “Ƙanena.”

“A ina?”

“A tsohon allonsa.”

“Kawo allon.”

Auta, da ya rako ni, ya ce ai ya wanke tun bara. Abu in ya zauna a ka sai a wanke allo, haka Malam ya koya masa. Lauyar ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.

Talata, 11 ga Maris

Auta ko a jikinsa. Ya ce shi ma a bangon Kawu ya ga jerin, inda yake rubuta awo da alli, kuma Kawu bai kai ƙarar kowa ba. Dama zuwa hagu kuwa, hannunsa ne bai san wata hanya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

To, ya isa. Ba Shugaba ba ne ke wannan rubutu tun farko, ni ne Auta. Kundin Yaya ne, a durowa na ɗauka, ko alif bai taɓa sa masa ba. Bokon ma a waya na koya.

Yau na same shi ya naɗe wayar kwamfuta, ya zauna a ƙasa, kujerar na kallonsa. Na ja kunnen nan nasa, bai ko ɗaga hannu ba. Can ya ce, “Auta, za ka iya zana wani?”

Na zana, a takarda wannan karon. Na sa kwanan wata. Sunana ma na sa a ƙasa, ɗan ƙarami.

Ba wai na damu ba. Tawada ce ta rage a alƙalamin.