Yatsan Arzika Ba Irin Nawa Ba Ne

Malama Rabi, ki taimake ni da shawara, in akwai ta.

Ni tsohuwa ce a Kende, ƙasar Bagudo. Mijina ya rasu da daɗewa. Na yi ajin yaƙi da jahilci wata shida, shi ya sa kika ga rubutun kamar kaza ta bi ta kai, kuma idona ya tafi, sai na manna takarda da hanci nake gani. Malamin asibiti ya ce babu magani. Ban yi kuka ba, na ga abin da zan gani.

Ɗana Arzika manomi ne. Matarsa Saratu ta rasu bara, ta bar ɗiya uku, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Ni ke girka musu. Yayar Saratu, Jummai, tana aure ƙetaren iyaka, can Dahome, inda mu dai Faransa munka san shi ko da an ce su ma sun samu mulkin kai. Ta ce ranar da na kasa tsayawa gaban murhu za ta kwashe yaran, don namiji ba ya riƙon ɗiya. Kada ki ce ya ƙara aure. Ya nema sau biyu, da an ji yara uku da makauniyar uwa sai a ce a dakata.

Sai na samu littafin rubutu na zauna na rubuta masa girki bakwai, duk na tukunya ɗaya, don kada ya ruɗe: faten wake, shinkafa da wake, dafa-duka da busasshen kifi, faten kabewa, irin su. Wata biyu ina yi. Ya yarda zai koya, in dai an rufe ƙofar zaure kada maƙwabta su gani.

Ga inda na ɓata. Ni ban taɓa awo da komai ba sai hannuna. Na rubuta kanwa kamar kan babban yatsa, barkono yatsu uku, ruwa gaɓa biyu bisa shinkafa. To nawa yatsan ƙashi da fata ne, nasa kamar ƙotar fartanya. Ranar da na tafi gaisuwar mutuwa Kurgu ya dafa wake shi kaɗai, ya bi littafin tsaf. Wake ya yi baƙi, ya yi ɗaci, yara sunka ci don yunwa, sunka kwana biyu suna zawo. Jummai kuwa ta zo cin kasuwa ta tarad da ƙaramar a kwance, ido ya faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce bayan kaka za ta zo da jaki ta kwashe yaran.

Tun ran nan Arzika bai ƙara taɓa tukunya ba, littafin yana soke a jinka. Ni kuma yanzu ko layin takarda da ƙyar nake gani, balle in sake rubuta wani. Gero ya fara nuna. In yaran sun ƙetare iyaka, can za su girma da wani yare, su zo mana baƙi. Ko in haƙura?

Tsohuwa daga Kende

Inna, Allah Ya ƙara miki haƙuri, Ya jiƙan Saratu.

Ba zan ruɗe ki ba: mai yiwuwa ƙaramar ta tafi. Jummai ba maƙiyiya ba ce, ɗiyar ƙanwarta ta gani a kwance, kuma yarinyar da aka yaye jiya tana buƙatar mace. Amma manyan biyu maganarsu ba ta ƙare ba, ubansu yana raye.

Littafinki ba shi da laifi, ma'auni ya rasa. Kada ki sake rubuta komai. Ki sa Arzika ya samo ƙananan ƙoƙuna uku, ki ɗebi kanwa, gishiri da barkono da hannunki ki zuba, shi kuma ya yanke bakin kowane daidai inda abin ya tsaya. Ruwa kuwa, ya tsaga alama a jikin muciya. Daga gobe shi zai riƙa dafawa kullum, ke ki zauna kusa ki ɗanɗana. Girki biyu kawai, har su zauna masa a hannu. Ki gaya masa kunyar maƙwabta ba ta kai rabuwa da 'ya'yansa ba.

Sannan kada ku jira jakin. Ku aika wa Jummai ta zo kafin a yanke gero, Arzika ya dafa waken nan a gabanta, ta ci. In ta ƙoshi, ku roƙe ta ta ɗauki ƙaramar kaɗai, tana kawo ta ranar kasuwa. In ta ƙi, kin yi iyakar naki.

Idonki ya tafi, Inna, amma harshenki yana nan. Ki yi aiki da shi tun gero yana tsaye. Allah Ya bar miki jikokinki kusa.

Malama Rabi