Na zuba ido tsohon firinsifal ɗina ya dafa hannunsa

Admin sannu da ƙoƙari, a sa mini wannan ba tare da suna ba. 'Yan uwa ina gaishe ku manya da ƙanana, don Allah shawararku nake nema, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina. Na san zagin yana tafe, so nake dai ya sauka inda ya dace.

Ni mai wanke tagogi ne a nan Greensboro, Amurka. A gida malamin sakandare ne, a wani gari kusa da Jos, labarin ƙasa nake koyarwa. Shekara goma sha ɗaya ina zana wa yara dusar ƙanƙara a allo da farin alli alhali ban taɓa ganinta ba, har maki nake rage wa wanda ya kasa bayyana ta da kyau. Allah ya ga wannan ƙarfin hali, sai ya kawo ni inda zan gan ta sosai, a saman tsani, da bokiti a hannu. Yanzu shekarata shida a wani ƙaramin kamfani, ni ke riƙe da mota ɗaya, manyan shagunan titin Wendover su ne rabona, muna gamawa da safe kafin su buɗe.

Aikin nan lokacin zafi kowa zai iya, da sanyi ne ake gane wanda aka koya wa. Ruwan famfo zalla in ka shafa shi a gilashi a watan Janairu, kafin ka ɗaga robar jan ruwan da muke kira sukwiji ya riga ya daskare, sai dai ka koma kankarewa. Shi ya sa muke gauraya shi da shuɗin ruwan nan na wanke gilashin mota, mai hana daskarewa. Safar hannu dole ta roba mai kauri, ta auduga in ta jiƙe gara ma babu. Daga ɓangaren da rana take bugawa ake farawa. In kuma yatsu suka mutu da sanyi, ba a kai su kusa da ruwan zafi, da ɗumi-ɗumi ake lallaɓa su, domin hannun da ba ya ji ba zai gaya maka yana dahuwa ba. Duk darasin bai wuce minti biyar ba, na koya wa mutane da yawa.

Wata Lahadi kafin sanyi ya shigo, bayan an tashi daga coci fasto ya kira ni gefe, ya ce akwai wani dattijo da ya zo zama wurin 'yarsa a McLeansville, takardunsa lafiya lau, zaman gida ya ishe shi, ko zan samar masa wuri a motata. Ina juyawa sai ga firinsifal ɗina. Mutumin nan, wata safiya a makaranta na makara saboda na kai matata asibiti, ya tsayar da ni a kan dandamalin asambili tare da yaran da suka makara, ya hana ni buɗe baki, ya karɓi ƙararrawar makaranta daga hannun ɗan aji ɗaya ya miƙa mini, ya ce tunda ban san lokaci ba, ni zan riƙa kaɗa ta har ƙarshen zango. Na kaɗa, wata uku cur, da lakatayi a wuyana. Har yau tsofaffin ɗalibaina masu furfura in sun rubuto mini, Malam Ƙararrawa suke cewa, kuma a ganinsu ƙauna ce.

Bai yi kamar bai gane ni ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "A'a, Ƙararrawa, kai ne ka yi ƙiba haka?" Fasto ya yi dariya bai san ta me yake yi ba. Na rusuna na ce ni ne Baba, sannu da zuwa. A satin na kai shi wurin mai kamfani, na yabe shi da Turanci mai kyau, aka ɗauke shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar na dawo gida ina waƙa, matata ta ɗauka murnar taimako ce.

Watanni biyu na farko ba abin da ya faru. Tsohon yana da tsabtar aiki, har kusurwoyin da na wanke yake bi da yatsa yana dubawa. A mota yakan ce ina riƙe sukwiji yadda nake riƙe alli, da lalaci. Ni ke biya masa kofi, ni ke ɗora masa tsani, ni ne ogansa a takarda, amma ko sau ɗaya bai kira ni Malam ba. Ina cewa to Baba, ina kallon sama, ina jiran Janairu.

Da sanyin ya kama, kamfani ya ba ni fom na ƙa'idojin aikin sanyi da sabuwar safar roba da sunansa a jiki. Fom ɗin na miƙa masa ya sa hannu, safar na tura ta ƙarƙashin kujerata. Bokitina na haɗa shi da shuɗin ruwa a gida, nasa na cika shi da ruwan famfo. Na ɗauki ɓangaren rana, na ba shi bayan wani ƙaton shagon kujeru da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta leƙawa sai ta ga dama. Ya zo da safarsa ta auduga irin ta zuwa cocin safe a Jos. Kwana uku muna haka. Nakan gama nawa da wuri in shiga mota in kunna hita, in zauna ina kallon dattijo mai shekara sittin da bakwai yana shafa ruwa, ruwan yana daskarewa, yana kankarewa, yana sake shafawa, kamar yaron da aka ce ya rubuta jimla ɗaya sau ɗari. Na san yana da ciwon sukari, a gabana yake shan maganinsa. Abin da nake gaya wa kaina shi ne tambaya ɗaya nake jira. Ya ce Malam yaya ake yi, shi ke nan in fito da safar in gyara masa ruwan. Bai tambaya ba. Ni ma ban gaji da jira ba.

Rana ta uku ita ce mafi sanyi. Ya sauko daga tsani a hankali, ya cire safar da haƙora, yatsunsa sun yi fari kamar kyandir. 'Yarsa takan cika masa fulas da tafasasshen ruwa don shayi. Sai ya yi abin da duk ɗan Filato zai yi in sanyi ya kama masa hannu, ya matse fulas ɗin a hammata, ya murɗe murfin da ƙyar, ya karkata shi yana tsiyayawa a kan yatsunsa, hagu sannan dama. Tururi yana tashi, fuskarsa kuwa kamar ta mai jin daɗi, don ba ya jin komai. Tsakanina da shi bai kai taku goma ba. Gilashin mota kawai zan sauke in yi tsawa ɗaya. 'Yan uwa, ina riƙe da kofi na kalle shi har fulas ɗin ya ƙare. Sai da na ga fatar ta fara tashi sannan na tuna ni Kirista ne.

Ni na kai shi asibiti, da gudu, ina danna hon kamar mai tausayi. Mai kamfani ta zo hankalinta a tashe, ta tambaye ni a gabansa ko na ba shi safar roba, ko na yi masa bayanin ruwa. Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, tsohon ya amsa daga kan gado, ya ce na ba shi komai na gaya masa komai, taurin kan tsufa ne ya sa ya yi nasa. Matar ta dafa kafaɗata ta ce kada in zargi kaina. Zumuntar mata ta cocinmu suka kawo wa matata kular gwate saboda hidimar da mijinta ya yi. Na ci, da daɗi kuma, wannan ma ku sa a cikin zagin.

Ranar da aka bar mu mu biyu a ɗakin asibitin ne ya ce in ja kujera. Ya ce shekara talatin yana aikin gwamnati bai taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba, fom ɗin nan ya karanta shi layi-layi, ya ga maganar safa ya ga maganar shuɗin ruwa, kuma tun ranar farko ya hango safar a ƙarƙashin kujerata da sunansa a jiki. Na ce to Baba me ya hana ka tambaya? Ya ce firinsifal ba ya tambayar mai kaɗa ƙararrawa. Ya ce maganar ruwan zafi ce kawai bai sani ba, don ba ta cikin fom, amma lokacin da yake tsiyayawa ya ɗaga kai ya ga fuskata sarai. "Gilashin motar kam ka wanke shi tas," in ji shi, "nan ban da gyara." Na fara ba shi haƙuri ya ce in rufe masa baki, bai ba ni izinin magana ba.

Da aka sallame shi hannu biyu naɗe da bandeji, 'yarsa nas ce aikin asuba take yi, mijinta kuma direban babbar mota ne ba ya zama. A gaban dattawan ikilisiya tsohon ya ce ba ya son baƙo ya taɓa shi, ɗansa da Allah ya ba shi a Amurka shi zai riƙa zuwa. Dattawa suka ce amin. Tun daga ranar, kullum kafin in tafi aiki sai na tuƙa daga unguwarmu Glenwood zuwa McLeansville. Ni ke yi masa wanka, ni ke yi masa aski, ni ke ɓalla masa maɓallai, ni ke ba shi koko a baki, har abin da ba zan rubuta a nan ba ni ke yi. In 'yarsa tana nan ɗana yake ce mini, in ta fita sai ya ce ruwan ya yi sanyi, a sake, maɓallin ya karkace, a sake, kuma ya lura hannuna yana da laushi, ko safar roba ce ke gyara shi haka. Sau ɗaya na ƙi zuwa, na ce mota ce ta ƙi tashi. Kafin rana ta yi tsaka fasto ya kira ni, ya ce Baba yana tambayar lafiyata, wai kuma akwai wata magana game da ranar hatsarin da ke yi masa yawo a kai, yana tunanin ko ya faɗa wa wani. Washegari na riga zakara isa.

Matata ba ta san komai ba. Mun yi faɗa sau biyu a kan fitar asubar nan, ta ce ko ubana ban yi wa haka ba, na ce hidimar Ubangiji ce, daga baya na ji tana ba ƙawarta labari a waya da alfahari.

Satin da ya wuce likita ya ce yatsu biyu na hannun dama ba za su dawo ba, yanke su za a yi. Na zaci zai yi kuka ko ya zage ni in samu sauƙi. Sai ya ce in ɗauko takarda da biro, yana so ya ba da shaida a coci ranar Lahadi kafin a yi aikin, kuma tunda ba ya iya riƙe biro ni zan rubuta, tunda muryarsa ba ta kaiwa ni zan karanta. Ya yi mini shifta kamar ɗan aji uku, shafi biyu. A ciki akwai yadda na gargaɗe shi bai ji ba, yadda na roƙe shi ya sa safar ya ƙi, yadda ban taɓa riƙe shi a zuciya ba duk da tsananin da ya yi mini a makaranta, da addu'ar Allah ya ba kowane dattijo ɗa irina. Sau uku ya sa na sake kwafewa saboda rubutuna bai yi masa ba. Da na gama ya ce in karanta a tsaye ya ji, ya ce in ɗaga murya a wurin da aka ce mai tsoron Allah.

Takardar tana aljihuna yanzu. In na karanta ta, na tsaya a gaban bagade na yi ƙarya da bakina a kan yatsun mutum, kuma na san daga ranar ba ni da ranar 'yanci sai ɗayanmu ya mutu, shi kuwa ban da sukarin nan lafiyarsa ta fi tawa. In na ajiye ta na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, don mai kamfani ba za ta bar wanda ya yi haka da mota da mutane ba, ban ma san ko abin zai tsaya a kora ba, matata za ta ji a gaban zumuntar da ta ci gwatensu, 'yarsa kuma za ta san wanda take bar wa makullin gida kullum. Abin da ya fi damuna, na bincika zuciyata da kyau, ban tabbata nadama ce ke neman buɗe mini baki ba, wataƙila gajiya ce da ɓalla maɓallai.

Don Allah ku gaya mini, ranar Lahadi in an miƙo mini makirfo, in karanta abin da ya sa na rubuta, ko in ninke takardar in faɗi abin da na gani ta gilashin mota? Kada ku ce in je in same shi mu sasanta, na gwada jiya. Ya ce in ja masa bargo, kuma in tabbata na goge kwat ɗina, ba ya son mai karanta masa shaida ya fito a yamutse.