Yatsun Maigida

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya su yara da mamansu? Ni lafiyata ƙalau. Sai dai ka ji abin da ya faru ranar Talata.

Maigidanmu, dattijon da ya koya mini aikin kafinta, ya rasa yatsu biyu a injin zarto, a kan idona. Mutumin da kullum yake ce mana, “Kada ku cire murfin zarto, kuma ku tura katako da sanda, ba da hannu ba.” Ranar ya cire murfin don zai tsaga siririn katako. Ni kuma na shigo shago, na ɗaga murya na ce, “Ina kwana, Baba?” Ya waiwayo zai amsa. Yaya, ko ƙara bai yi ba. Jini kawai na gani a kan garin katako, injin yana ta juyawa abinsa. Ni na kashe injin, na ɗaure masa hannun da rigata.

A asibiti na durƙusa ina ba shi haƙuri, ya ce, “Tashi, ɗana. Ni na cire murfi, ba kai ba.” Amma ni har yanzu na kasa cin abinci.

Kada ka gaya wa Inna, ka dai ce ta sa maigidana a addu'a. Ni ma ku sa ni, don gobe ni zan tsaya a kan injin.

Ƙanenka