Hannun Hagun Evelio

Litinin, 3 ga Maris

Odalys, 'yar Evelio, ta zo yau rungume da jitar ubanta. Ta ce, "Baffa Reinerio, wata na ƙarewa zan tafi da Baba birnin Habana. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ba ta fita. Ga wannan, ba ta da sauran amfani a wurinsa."

Na ce, "Shi ya ce ki kawo min?"

Ta ce, "Haba Baffa, kalma ɗaya ta rage masa a duniya: jaki. Ni jaki, likita jaki, har Fada da ya zo yi masa addu'a bai tsira ba."

Na yi dariya. Da ta fita kuma na rasa inda zan sa kaina. Shekara talatin muna waƙa tare a nan Santiago, ni muryar sama, shi muryar ƙasa da jita. Yau shekara goma sha ɗaya ko gaisawa ba ma yi, alhali layi uku ne tsakaninmu.

Alhamis, 6 ga Maris

Shekara sittin da takwas, mawaƙi guda, ban san yadda ake riƙe jita ba. Abin kunya. Zan koyi waƙar soyayyar nan da muke rufe wasa da ita, wadda har direbobin bas ke rerawa, in je in kaɗa masa kafin su tafi. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, kowa ya sani.

Laraba, 12 ga Maris

Maƙwabciyata Fermina, tsohuwar malamar kiɗa, ta yarda ta koya min. Matar nan bakinta ba linzami. Ta sa na yanke faratan hagu kakaf, ta ce, "Hannun damanka da rai, tsoho. Amma na hagun nan yatsu ne ko rogo?"

Lahadi, 16 ga Maris

Bari in rubuta abin da ya raba mu sau ɗaya in huta. A gidan rediyo ne. Mai gabatarwa ya tambayi sirrinmu, na ce, "Murya ake zuwa ji, jita kam kowa ma ya kaɗa." Wai ni barkwanci. Evelio ya yi murmushi, ya mayar da jitarsa cikin akwati, ya gaida kowa ya fita. Washegari ban je gidansa ba. Na ce shi zai neme ni.

Kowa ma ya kaɗa! Ga ni nan yatsu sun yi bororo.

Juma'a, 21 ga Maris

A baiti na biyu akwai inda yatsa ɗaya ke danne tsirkiya shida. Ya gagare ni. Fermina ta ce in rera muryar ƙasa, wai zan ji inda kiɗan ya nufa. Na buɗe baki, babu komai. Ban san ta ba. Shekara talatin mutumin nan yana kafaɗata yana rerawa, ni kaina kawai nake saurare. Ko kofi ban iya sha ba yau.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kai har ƙofarsu, na juyo.

Lahadi, 30 ga Maris

Na je bayan coci. Yana kan kujera mai lilo a baranda, ya rame, bakinsa ya karkace. Ban gaishe shi ba, tsoro nake ji. Na zauna na fara. Baitin farko ya tafi da ɗingishi. A na biyu tsirkiyoyin suka mutu a hannuna, har sau uku.

Ya ce, "Jaki."

Sai ya miƙo hannun hagu ya cafke wuyan jitar. Na ɗauka ƙwacewa zai yi. Odalys ce ta gane, ta ce, "Baffa, matso ta damansa mana!" Na manna kujerata da tasa, jitar a cinyoyinmu, shi yana dannawa, ni ina kaɗawa. Yatsun nan ba su manta komai ba. Na sassauta murya, abin da ban taɓa yi ba, sai na ji shi yana bi can ƙasa-ƙasa, ba kalmomi, sauti kawai. Ashe haka muryar ƙasan take da daɗi.

Da muka gama na buɗe baki in ce ya yafe min. Ya riga ni: "Jaki."

Na ce, "Na sani, mutumina."

Ya kama hannuna, bai sake shi ba sai da Odalys ta kawo kofi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sun tafi jiya. Shekara goma sha ɗaya na zubar, na samu wuni guda.

Fermina wai ta jiyo ni ta katanga ina wanke kwanuka ina rera muryar ƙasa. Sharri ne, mura ce ta dusar min da murya. Na dai ce ta shigo gobe ta koya min, akwai wuri ɗaya a baiti na biyu da ban ji muryar Evelio sosai ba ranar Lahadi.