Ni na cire robar birkin keken abokina

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin, ka ɓoye sunana da lambata, ka sa maganar yadda na rubuta ta, kar ka gyara mani komi. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya, da yatsa guda nike danna waya, kwana uku na yi ina haɗa wanga saƙo.

Ni mai gyaran keke ne a wani gari cikin ƙasar Isa, shekaruna sun haura hamsin. Sana'ar ta mutu, babur ya kashe ta. Da can kekuna har layi suke yi gaban rumfata, yanzu in na yi faci uku a wuni na gode Allah. Matata ta rasu shekara bakwai ke nan, ban sake aure ba. Ɗiyana mata biyu suna gidan mazansu, ɗaya can cikin Nijar, namijin kuma ya tafi kudu, sai salla yake kira. Ni kaɗai nike kwana, ni kaɗai nike tashi. Na faɗi wannan ne don ku gane abin da nike tsoron rasawa.

Ina da aboki guda, za ni ce mashi Ummaru, ba sunanshi ba ne. Goro yake saidawa, kasuwa-kasuwa a kan keke. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zamna bisa bencina, ya ce, "Injiniya, yau jirgi nawa ka gyara?" Ni ko in ce mashi Sarkin Rowa, don goro cike da kwando amma sai wanda tsutsa ta huda yake miƙo mani. Shekara kusan talatin muna haka. Ran da matata ta rasu shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Shekara huɗu da sunka wuce, jajibirin kasuwar Bafarawa, ya kawo mani kekenshi tayar baya ta yi faci, ya ce da safe za shi ɗauka. Na yi facin. Bayan ya tafi sai ga wani Bafillace da keke, birkinshi ya cinye har ƙarfe na cizon ƙarfe, ga shi yana sauri za shi koma ruga. Ba ni da sabuwar roba. Duk mai gyara ya san abin da muke yi: ka kwance ta keken da ke ajiye ka ɗaura ma wanda ke tsaye a kanka, in ka sayo sabuwa ka mayar. Na yi haka ya fi sau ɗari a rayuwata. Na kwance robar birkin baya ta keken Ummaru na sa ma Bafillacen. Birkin gaban keken Ummaru kuwa dama ya daɗe da mutuwa, na baya kaɗai ke riƙe shi, kuma na sani.

Da safe Ummaru ya zo ya same ni ina shan shayi. Ya ɗaure kwandunan goro biyu bisa kariyar bayan keken, yana ta tsiya wai shayina ruwan wanke kofi ne, ni ina ramawa. Wallahi maganar birki ba ta faɗo mani ba sai da ya hau ya yi nisa, ina hango farar hularshi. Ga 'yan kabu-kabu nan tsaye kusa da ni, da na ce ma ɗaya ya bi shi da an cim mashi kafin ya fita gari. Sai na ce a raina, in ya ja ya ji babu ai za shi taka taya da silifas, duk mu nan haka munka tashi muna yi. Na ci gaba da shan shayina.

Akwai wata gangara inda hanyar daji ke faɗa ma kwalta. Nan ya gangaro da kaya masu nauyi, ya shiga gaban wata bos mai zuwa Sakkwato. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinshi.

Direban ɗan garinmu ne, za ni ce mashi Sahabi. Tun ranar ya riƙa faɗin magana guda, cewa ya danna hon, ya ga Ummaru yana matsa birki yana jan ƙafa a ƙasa amma keken bai tsaya ba. Ba wanda ya yarda, kowa ya ce gudu yake yi, dama an san direbobi. Iyalan Ummaru sun yafe mashi diyya, amma gari bai yafe ba. Mai motar ya karɓe makulli, ba wanda ya sake ba shi mota. Yanzu itace yake saidawa bakin tasha.

Abin da ya fi cin raina shi ne wanda na yi bayan nan. Da anka share makoki sai anka kawo mani keken rumfata ya lanƙwashe, tunda ni ne mai gyaranshi, in ajiye. Kafin wani ya duba na sayo roba, na goga ta a ƙasa ta yi kamar tsohuwa, na ɗaura. Na farko mantuwa ce da ganganci. Wannan kam da hankalina na yi shi.

Na taɓa tambayar wani malami, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce kisan kuskure yana da kaffara, azumin wata biyu a jere. Na yi su cif, ba wanda ya sani, wa ke gareni a gida da za shi lura ban ci abinci ba. Amma ban faɗa ma malamin maganar direban ba, don na san abin da za shi ce.

To ga inda maganar ta zo. Ummaru yana da babban ɗa, za ni ce mashi Nasiru, ma'aikaci ne a Sakkwato. Can birni ya shiga wata ƙungiya ta masu hawan keke, waɗanga da ke sa hular kwano da matsattsen wando su fita da safe ran Asabar. Shekara guda da rasuwar ubanshi ya zo ya ce, "Baba, ina keken nan?" Na zaci birkin ya zo bincike. Ashe so yake in miƙe shi in shafa mashi farin fenti, wai haka ake yi ma keken wanda mota ta kashe. Ya zo da abokanshi da kekunansu bisa mota, anka tara masu keke na garinmu, manoma da masu tallar ruwa da 'yan tireda, anka hau a jere daga tasha har gangarar nan, anka yi addu'a, anka dawo. Ba a wuce nan saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Wasu dattawa sun yi gunaguni, wai wannan ba al'adarmu ba ce, mamaci addu'a yake so ba zagaye ba. Nasiru ya ce masu ai addu'ar ce za a yi, sai dai a kan keke za a je. Sunka ƙyale shi.

Tun daga nan duk shekara ake yi. Kuma gaskiya abin ya yi amfani. Suna raba riguna masu ƙyalli, suna liƙa jan abu mai walƙiya bayan keke, suna shiga tasha su yi ma direbobi magana. Ni kuma Nasiru ya ba ni aikin duba birkin kowane keke kafin a tashi. Ni. Yana riƙe da lasifika yana cewa, "Wanda Baba Injiniya bai taɓa kekenshi ba, kar ya hau. Shekara talatin yana gyara keken mahaifina bai taɓa ba shi matsala ba." Mutane suna tafi, ni ina duƙe ina matsa birkin mutane, ba ni iya ɗaga kai. Farin keken kuma ni ke tura shi a gaba, don ba a hawanshi.

Yaron nan ya riƙe ni kamar ubanshi. Duk Juma'a sai ya kira, ya ce, "Baba, ka ci abinci ko shayin nan naka ne dai?" Da ƙafata ta kumbura shi ya zo ya kai ni asibiti ya zamna da ni. Da matarshi ta haihu, ni ya ba dabino in tauna in sa ma jariri a baki. Wayar nan da nike rubutu da ita tashi ce ya ba ni. In kun cire kiran Nasiru, sai in yi sati ba wanda ya tambayi lafiyata. Ba ƙari na yi ba.

Bana za a yi na huɗu, Asabar mai zuwa. Sati biyu da sunka wuce Sahabi ya zo rumfata. Shekara huɗu muna gaisawa daga nesa, ni ke kauce mashi. Ya rame, ciwon suga ya kama shi, ido ɗaya ya fara tafiya. Ya zamna ƙasa, bai yarda ya hau benci ba. Ya ce ya ji ana cewa Nasiru yana jin maganata, in roƙar mashi a bar shi ya bi jerin nan ko a ƙarshen layi, ya ari keke, in an kai wurin ya nemi gafara gaban jama'a. Ya ce ɗiyarshi ta isa aure, sau biyu ana zuwa tambaya ana komawa in an ji ɗiyar wane ce. Sannan ya ce, "Injiniya, kai ka san keke. Na yi shekara biyu ina cewa birkinshi bai kama ba, har na daina, don na fara zaton idona ne ya yi mani ƙarya. Ƙila gudun nike yi. Ƙila ni ne." Ya dube ni yana jiran in ce wani abu. Na ce mashi Allah shi ne masani. Abin da na iya faɗi ke nan, da girmana.

Na kira Nasiru na isar da saƙon. Bai taɓa ɗaga mani murya ba sai ranar. Ya ce sun yafe diyya don Allah, amma ba za shi bari wanda ya take ubanshi ya zo ya tsaya kusa da keken ba, balle mutumin da ya yi shekaru yana ɗora ma mamaci laifi wai ba shi da birki. Ya ce shi da kanshi ya duba keken ran da ya zo karɓa, roba tana nan lafiya lau, ashe har ƙarya Sahabi ya yi ma gawa. Na ce ya yi haƙuri, mutum na iya kuskure. Ya ce, "Baba, kai ma da bakinka?" Ya kashe waya. Da yamma ya sake kira ya ba ni haƙuri, ya ce don ya wanke laifinshi bana ni za ni yi jawabi a gangara, in gaya ma mutane waye Ummaru, in ja kunnen direbobi. Har ya sa an ɗinka mani riga.

Tun ranar ba ni da sukuni. Na je rumfa na tarar na ɗaura ma wani taya a juye. Ni ba tsoron hukuma nike ba, ko a ɗaure ni ba abin da za ni bari a waje. Ba tsoron bakin gari nike ba, gari ya daɗe da mantawa da ni. Abin da nike tsoro shi ne Juma'a ta zo ta wuce waya ba ta yi ƙara ba. Na san halin Nasiru, ba za shi zage ni ba, ba za shi kai ni ƙara ba. Za shi dube ni ne kawai, ya ɗauki farin kekenshi ya sa a mota, shi ke nan. Mantuwar ƙila ya yafe, ubanshi ma da yana raye da dariya za shi yi ya ce Injiniya ya so kashe ni. Amma robar da na goga a ƙasa na ɗaura, da shekara huɗu da na yi ina cin abincinshi ina karɓar tafi, wannan ban ga yadda ɗa za shi haɗiye ta ba.

Wani lokaci in ce to in je in gaya ma Sahabi shi kaɗai, ko ya samu ya daina zargin kanshi. Amma me za ta amfana mashi in gari bai ji ba, masu neman ɗiyarshi ba zuciyarshi suke tambaya ba. Kuma in na gaya mashi na ce ya rufe, na ƙara mashi wani kaya ke nan bisa wanda na riga na aza mashi. Wani lokaci in ce in bari a gama taron, kar in ɓata abin da ke tsare rayukan mutane, don in anka ji mai duba birki shi ne ya cire birki, wa za shi sake fitowa. Sai kuma in ji wannan dabara ce kawai irin ta wanda ba ya son faɗin gaskiya, bara ma haka na ce, bara waccan ma haka.

Masu zagi ku zaga, na riga ku. Amma bayan zagin ku faɗa mani abin yi, musamman malamai da waɗanda sunka rasa uba. In kai ne Nasiru, gara ka ji daga bakina a ɗaki mu biyu kafin taro, ko gara a bar ka da abin da ka sani? Akwai hanyar da za ni wanke Sahabi ban rasa yaron nan ba, ko dole sai na zaɓi guda?

Jiya Sahabi ya aiko mani cewa ya ji amsar Nasiru, ya gode, ba za shi shiga jeri ba. Amma za shi je ya tsaya can tsallaken kwalta ya ɗaga hannu in ana addu'a, wannan ba wanda za shi hana shi. Ke nan ran Asabar za a miƙo mani lasifika in ja kunnen direbobi, Nasiru yana gefena, Sahabi yana tsallake yana saurare da ido guda. Saura kwana huɗu. Don girman Allah, in na buɗe baki, me za ni ce?