Hoton da Baba ya ɗauke ni a jikin tsohon katina

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan bai yi mini dariya ba. Ɗaliba ce ni a ƙasar waje, shekarata ta uku. Sabon katin izinin zamana ya fito, an ba ni wata guda in je in karɓa, yanzu saura kwana tara. Sharaɗin shi ne in miƙa tsohon, su datse shi da almakashi a gabana. Sau biyu ina zuwa ofishin, in ciri lamba, in zauna a kujerun robar nan, da na ga an kusa kirana sai in sulale.

Hotona da ke jikin tsohon katin, Babana ne ya ɗauka. Mai hoto ne, shagonsa ɗan mitsitsi, farin zanin gadon Mama ya rataya a bayana. An ce ba a son murmushi, shi kuma da ya leƙa kyamara sai ya murguɗa baki, in fashe da dariya. Sau bakwai muka sake. Har yau ana ganin dariyar da nake dannewa a gefen bakina. Ya rasu ina shekarar farko, ban samu zuwa ba. Yayana ya sayar da shagon har da kwamfutar, sauran hotunan ba wanda ya san inda suka shiga. Wallahi ina kewarsa, Anti. Yaya zan yi?

'Yar Mai Hoto

Amsa:

'Yata, Allah Ya jiƙan Baba. Ban yi dariya ba, ƙwalla ma na share. Kina da gaskiya, wannan katin ba roba ba ce kawai. Amma su ma ma'aikatan ba mugunta suke yi ba, kuma kwanan watan ba zai jira ki ba. Idan ya wuce, zamanki da karatunki duk sun shiga garari.

Gobe ki je ɗakin karatu a kwafe miki hoton da kyau, ki wanke biyu, ɗaya ki aika wa Mama. Jibi ki tafi da ƙawa wadda za ta riƙe miki hannu in an kira lambarki. Ki roƙa a huda tsohon katin a maido miki. In sun ƙi, kada ki ja. Baba ya ɗauki hoton nan ne don a buɗe miki ƙofa. Kada ki bari hoton da ya kai ki can ya zama shi zai dawo da ke gida ba takardar kammalawa.

Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa ki gama lafiya.