Angulu Mai Zobe

Daga Tasawa

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da ya raba ni da gida ba. Angulaye muke kamawa, mu sa masu zobe mai lamba a ƙafa, mu sake su, sannan mu riƙa komawa nemansu. Yanzu ina gaban ordinater, wato kwamfuta, ina jera tarihin kowacce a layi guda. In an gan ta a Attantane in sa ɗaya, a Kanan-Bakashe biyu, in ba a gan ta ba sifiri. Da wannan za a lissafa nawa ke rayuwa, nawa ke sauya gari.

Sifirin bana ya yi yawa. Malaminmu na jami'a ya ce in kwantar da hankalina, rashin gani ba mutuwa ba ne.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nana Firdausi

Daga Tasawa

Yaya Balkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni dai jikina lau.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe na tsaya sayen barkono. Kusa da ni wani mai magani ya baza tabarma, ga kawunan angulu busassu, ga ƙafafu. Yaya, kowace ƙafa da zobenmu. Na ɗauki guda na karanta lambar. Ni na sa mata shi da hannuna.

Bai san ni ba, sai ya hau tallarsa: “Hajiya, kin iya zaɓe. Mai zobe ba irin sauran ba ce, ta sarkin aljannu ce. Daga nesa ake aikowa nemanta. Maharba yanzu ko kallon marasa zobe ba su yi.”

Innalillahi! Ban san sa'adda na zauna a ƙasa ba.

Lissafin nan gaba ɗaya an gina shi ne a kan cewa zobe ba ya ƙara wa tsuntsu kwana, ba ya rage masa. Ashe mu muke nuna wa maharba wadda za su harba. Na kira malaminmu, ya ce a daina kamun. Digirina ya tafi ke nan, kuma wallahi ba shi ke hana ni cin abinci ba.

Yau da safe na ga wata a kan rufin mayanka, zoben na walƙiya a ƙafarta. Na hau jifanta da tsakuwa don ta bar garin, mahauta na ta yi mini dariya. Ta tashi, ta kewaya, ta sake sauka inda take.

Kada ki gaya wa Inna. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Nana Firdausi